Ta'aziyyar Kawu Garba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da na so in manta ma mutanen Kore Mairuwa ba za su bar ni ba.

Bayan rasuwar maigidana, da na fita takaba, sai na rasa abin kamawa. Gyaran waya yake yi a Dogon Dutsi, abin da ya bar mini shi ne yara da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, mai ƙugi kamar injin niƙa. Ƙanwata Rabi ce ta matsa mini in shiga formasiyon na koyon haɗa shafin intanet. Ni ce babba a ajin, yaran duk Tanti suke ce mini, kuma a makon farko da yatsa ɗaya nake neman haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Aikin farko da Mushe, malaminmu, ya ba mu shi ne kowa ya yi shafi a kan wani mutum da yake ƙauna. Na yi wa marigayi. Na sa hotonsa, na rubuta addu'a, na sha kuka a gaban allon. (Akwai wani ɗan take da ake rubutawa can ciki, ba ya fitowa a fuskar shafi sai in an tura adireshin a waya. Na cika shi ranar, na manta da shi kwata-kwata.)

Da hannuna ya fara faɗawa, sai na ce bari in yi wa Kawu Garba abin arziki. Yayan mahaifiyata ne, dillalin wake da gyaɗa a Kore Mairuwa, kuma shi ya tsaya mini tsayin daka lokacin rasuwa. Zan yi masa shafin kasuwanci kyauta, 'yan Yamai ma su san da shi. Amma don ƙiwa ban fara daga tushe ba. Na kwafi shafin marigayi, na cire hotonsa na sa na Kawu da sabuwar hula, na sauya rubutun fuska duka. Ya yi kyau, wallahi. Da safe na tura adireshin a gurup ɗin dangi ina jin kaina injiniya, wayar kuwa ta mutu nan take, don tun jiya babu wuta a unguwarmu.

Muna cikin darasi sai ga Rabi ta faɗo aji ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Yaya, taso! Kawu Garba ya rasu!"

"Wa ya ce?"

"Daga Tibiri anka kira ni, kowa kuka shikai!"

Rabi ƙaramar waya mai maɓalli gare ta, ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata. Ta ce za ta zauna da yara, ni in yi gaba. Na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga mota, na buɗe baki. Kukan Kawu ya haɗu da na maigidana da bai gama fita ba. Matan cikin motar suna ta ba ni haƙuri, wata ta miƙo mini ruwa. Ni kuwa ina ta cewa, "Jiya-jiya na gama masa shafi, bai ko gani ba!"

Na iske ƙofar gidan cike da maza a kan tabarmi. Abin da ya ɗaure mini kai, babu mai alamar jimami, har na hango wani dattijo yana dariya. Na ce a raina lallai zukatan mutanen yanzu sun bushe. Na ƙara murya don su ji kunya, na kutsa cikin zaure ina salati.

"Wa alaikumus salam, ɗiyata."

Na ɗaga kai. Kawu Garba ne zaune a kujerarsa, ƙafafunsa duk rairayi, da kwanon fura a hannu.

Ban san lokacin da na ja da baya na taka ƙafar liman ba. (In faɗi gaskiya, na duba ko yana da inuwa.)

Liman ne ya yi mini bayani. Kawu ya tafi wani ƙauye sayen wake tun da sassafe, inda babu rezon waya. Labari ya bazu, an kira shi an kira shi ba ya shiga, kowa ya ce shi ke nan, a hanya abin ya faru. Ya dawo a kan amalanke ya tarar ana shawarar inda za a nemo gawarsa. Matarsa Hajiya Hajo ta yanke jiki ta faɗi, tana likita ana ƙara mata ruwa. Babban ɗansa da ke Lome har ya shiga mota.

Nan fa tsorona ya koma fushi. Na miƙe tsaye a tsakiyar maza, na ɗaure mayafi a ƙugu.

"Wane marar imani ne ya ƙirƙiri wannan ƙarya? Wallahi kar a yafe masa! A kai shi jandarmeri yau ɗin nan, ni zan raka ku!"

Kawu ya ajiye kwanon a hankali, ya zaro wayarsa, ya miƙo mini.

Ga hotonsa da sabuwar hula. A ƙasa an rubuta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." A sama kuma, baro-baro, sunana, ni mai aikowa. Cikin dangi kaf babu wanda ya danna ya shiga ya ga buhunan waken. Sun ga hoto, sun ga salati, sun fara kiran juna.

"To, ɗiyata," in ji Kawu, "mu tahi jandarmerin yanzu, ko ki ɗan huta tukuna?"

Zauren ya fashe da dariya. Ni kuwa na sulale ƙasa, ina fatan ta tsage. Da ƙyar na faɗi yadda aka yi, da na ce shafin marigayi na kwafa sai dariyar ta lafa. Kawu ya ce, "Tashi ki je wajen Hajiya. Ni ban da abin yahewa, na ga masu so na tun ina da rai."

Wajen Hajiya ne babu wasa. Na durƙusa a gefen gadonta, allura a hannunta, ta ƙi kallona. Can ta ce, "Ke da kinka san ɗacin wannan labari, ke za ki aiko mini da shi?" Wannan maganar ta fi dariyar zaure zafi. Na kwana ina jinyarta, sai washegari da nake ba ta kunu ta ce ya yi tsami, na san an fara yafe mini.

Na gama formasiyon, yanzu da wannan aikin nake ciyar da yarana. Duk shafin da na yi, wayata nake fara tura wa in ga da wace fuska zai fita. Kuma in na ji an yi ɓarna, nakan tambayi wanda ya yi kafin in yanke masa hukunci. Sai dai har yau ban samu ko mutum ɗaya mai son shafi a Kore Mairuwa ba. Na taɓa yi wa wani mai shagon yadi tayin shafi, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Hajiya, ki bari in aurar da 'ya'yana tukuna."