Kumbo Ya Je Rana, Kwamiti Ya Zo Kwaciri

Jama'a, yau da safe na taka wata jar darduma a tsakiyar layinmu, sai ga ni har gwiwa a cikin kwata. Da aka zaro ni dariya nake yi, har wasu suka fara yi mini addu'a. Ƙalau nake, ku dai saurara.

Kwalbatin layinmu a Kwaciri, nan Fagge, ta rufta tun bara waccan. Da an yi ruwan sama sai ya tsallake kowa ya shige shagon Madam Ujunwa mai kayan abinci. Bara har tsiro buhunan wakenta suka yi. Ta rantse in aka maimaita bana rufe shagon za ta yi, kuma da shi take riƙe da marayunta.

Makon jiya maƙwabcina Baffa Hamzat ya faɗo mini da rediyo a kunne, yana haki.

"Malam, ka ji? An tura kumbo wajen Rana!"

"Ranar da muke shanya?"

"Ita fa! An yi masa garkuwa kada ya narke, ya matsa kusa yana shinshinar iskar da take hurowa. Ashe maganaɗisun da ke cikin iskar kwana yake yi, ya koma baya, ya sake miƙewa. Daga nesa ba wanda ya san abin ya kai haka!"

Na ce, "Ka ga amfanin zuwa da kai ke nan."

Ban rufe baki ba aka aiko cewa Mai Girma Uban Tafiyar Alkawura zai zo da kwamitinsa su gane wa idonsu kwalbatin. Wayyo daɗi! Na yi tsalle har hulata ta faɗi. In ƙarfe ya iya zuwa Rana, me zai hana Alhaji zuwa Fagge?

To, mu fa ba ma karɓar baƙo cikin ƙazanta. Baffa ya ce, "Babban mutum ya zo ya tarar da wannan wari? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya." Nan da nan muka yi shara, muka jera katako a kan ramin, aka aro jar darduma daga Kasuwar Sabon Gari aka shimfiɗa a kai, aka kafa rumfa, mata suka turara wajen da turaren wuta.

Ujunwa ta ce mini, "Baba, ramin fa za mu nuna masa!"

"Za a gaya masa cikin ladabi, 'yata."

Mai Girma ya iso da jiniya. Da yake nan ne wuri mafi kyau, a kan ramin aka ajiye masa kujera. Ya zauna, ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "To, ina matsalar?"

Muka dubi juna. Wa zai buɗi baki ya gaya wa baƙo cewa a kan kwata yake zaune? Baffa ya rusuna ya ce, "Sai godiya, ranka ya daɗe." Muka yi tafi, ni ma har da kabbara. Ujunwa ta ɗaga hannu, mai gabatarwa ya ce lokacin addu'a ya yi.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa kaifin ido, ya ce bai taɓa ganin layi mai tsafta irin namu ba, don haka za a kai aikin inda ake bukata. Motoci suka yi kwana suka koma. Nasu kwanan ba a sake miƙewa.

Da ƙura ta lafa Baffa ya yi tagumi ya ce, "Malam, ita Rana ba ta shimfiɗa wa kumbo komai ba, ko?" Na ce ko shara ba ta yi ba, marar tarbiyya.

Dardumar tana nan inda muka bar ta, katakon da ke ƙarƙashinta ne ya karye da ni yau da safe. Yanzu ga hadari ya haɗo daga gabas. Ujunwa tana ɗora buhuna a kan benci, ba ta ko amsa gaisuwata, kuma wallahi tausayinta ya kama ni. Ɗazu kuma aka sake aikowa: Mai Girma zai kawo baƙi su koyi tsafta a wurinmu. Baffa ya tafi tambayar ta ko za ta taimaka da omon wanke darduma.