Akori-kurar Malam Ta Shiga Gwamnati

Jama'a, wanda ya daɗe ya ga daɗau. Ranar Laraba na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na tarar da wasu samari suna shafa wa motar maigidana fenti, an ɗaura mata jan ƙyalle a hanci kamar ragon da za a kai gidan surukai. Motar da injinta ke kwance a zaurena, gunduwa-gunduwa!

Bari in koma baya, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Malam yana da wata akori-kura da ta girmi autarmu. Da ita yake ɗauko kankanar da yake nomawa a fadama, can bayan Itas, ya kawo kasuwar Azare. Bana kankana ta yi kyau, ta nuna, ita kuwa in ta nuna ba ta san "jira ni" ba. Sai hanyar nan da aka yi bikin gyara ta kafin zaɓe, Allah ya saka wa masu gyaran, ta jijjiga motar har lagireto ya tsage, inji ya tafasa, ruwa ya gauraye da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Bakanike ya ce gaskit ne ya ƙone, amma sai a bi layi, don gareji cike yake da majinyatan wannan hanya.

Malam ya ce, "Motar da na san tarinta da atishawarta, ni zan gyara abata."

Na ce, "Malam, kada garin gyaran gira a rasa ido."

Ya ce, "Ke dai ba ni kwanuka."

Ya kwashe kwanukan da nake ji da su, ya jera a zaure. Duk inda ya kwance, sai ya zuba notinansa a kwano guda, don kada su rikice masa ranar mayarwa. Dabara ce, ban hana shi ba. Noti ɗaya ya karye a ciki, ya yini yana lallashinsa. Gaskit ɗin da ya sayo kuwa ramukansa suka ƙi haɗuwa da na inji, kamar alkawarin ɗan takara da aikinsa, sai da ya koma kasuwa ya sako wani.

Yana kasuwar, ni ina gidan gaisuwa, maƙwabciyata Halimatu Sadiya ta shigo aron kwanuka, za a yi sunan jikarta. Tsakaninmu ba a neman izini. Baiwar Allah ta juye notinan nan kaf a bokiti ɗaya. Da na dawo har tana mini faɗa.

"Yaya, wane irin sakaci ne wannan? Kwanon ɗaki da ƙarafuna? Ai har su na wanke miki da sabulu."

Malam ya leƙa bokitin, ya yi salati.

Ya ɗauki galan ya tafi neman fetur ɗin da zai wanke kayan inji. Ya bi layi tun hantsi har la'asar, da aka zo kansa aka ce doka ta hana sayarwa a galan, sai dai ya zo da motar. Ya ce motar ba inji. Aka ce to ya gyara ya zo. Sai a wajen 'yan bumburutu ya samu, su da dokar ba ta san unguwarsu ba.

To ana cikin haka ne masu fenti suka iso. Jagoransu Abdulrahim ne, yaron da na yi wa uwarsa wankan jego da hannuna, yanzu ɗan kwamitin tarbar manya, hula har tana taɓa gira. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya ce wani Ranka-ya-daɗe, Mai Babbar Riga, Garkuwar Manoma, zai zo raba motocin ɗaukar amfanin gona.

Na ce, "Masha Allah. Ina motocin?"

"Suna hanya, Inna."

"Wace hanyar? In tamu ce, ka aika musu da bakanike."

Ya yi murmushi ya ce guda ɗaya kawai ake so don hoto. Malam ya ce, "Ɗana, ba inji a cikinta."

"Baba, inji yana fitowa a hoto ne?"

Malam ya ce kankanarsa na ruɓewa, ba shi da yinin da zai bayar aro. Abdulrahim ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce ai ba tilas, sai dai titin nan Ranka-ya-daɗe zai bi, kuma an ce duk mataccen ƙarfen da aka gani a kwashe. Kun ji zaɓi: ko ta zama abin alfahari, ko ta zama shara.

Haka aka tura ta har filin taro. Na je da idona. Aka yi jawabi har rana ta karkata, aka yanke jan ƙyalle, aka kira manomin da ya yi dace. Wa za a kira in ba Malam ba? Ranka-ya-daɗe ya miƙa wa Malam makullin akori-kurarsa, makullin da igiyar jikinsa ma daga gefen zanena na yage. Aka tafa, aka ce ya yi godiya. Ya yi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Taro na watsewa masu turi suka ɓace. Shanun noman wani abokin Malam ne suka jawo kyautar gwamnati zuwa gida.

Malam ya tsuguna gaban bokiti, yana gwada noti ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Jiya motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Wasu notina cike da tafin hannu suka yi saura, ya ce ƙila dama ƙari ne.

Ya isa fadama ya tarar kusan rabin kankanar ta fashe, ƙudaje na ta nasu bikin rabon. Ya loda abin da ya tsira. Amma ya ce abin mamaki, masu tare hanyar nan da kullum sai sun tsayar da shi a gaisa da hannu, suna hango fentin suka ƙame suna sara masa.

Ɗazu Halimatu Sadiya ta leƙo ta katanga ta ce wai ana ta yabon yadda motocin manoma suka fara aiki. Na ce kada a ƙaryata su, guda ɗaya tana yi, ni shaida ce. Ragowar notinan kuwa na adana su a kwano mai murfi. In Ranka-ya-daɗe ya sake zagayowa, jan ƙyalle kawai za a kawo.