Kujerun da Na Jera a Yammacin Aji

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta watan Maris ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A farkon shekarun tamanin ne, ina koyarwa a wata firamare kusa da Assakio, shekarata biyu da fitowa daga kwalejin horon malamai. A lokacin kaina ya fi ƙarfin hulata. Na karanta labarin ƙasa, na san duniya ce ke juyawa kamar mazari, ba rana ce ke zagaya mu ba, kuma ban bar kowa ya huta da wannan labari ba. Ko mai ƙosai ta ce in yi sauri rana ta kusa faɗuwa, sai na tsaya na gyara mata.

A shekarar ne aka ce za a naɗa wa hedimasta mataimaki. Mu biyu ake dubawa: ni da Malam Isa, wani dattijo mai shiru-shiru da nake yi wa kallon wanda ilmi ya wuce ya bari a tasha. Ina son muƙamin nan har cikin raina (na ma riga na faɗa wa mahaifiyata an gama magana). Sufeton makarantu zai zo daga Lafia ranar rabon kyaututtuka, kuma abin da ya gani shi zai yanke hukunci. Hedimasta ya damƙa mini shirya taron, za a fara ƙarfe uku na yamma.

Tun ƙarfe bakwai na safe na isa. Na zaga makarantar, sai ga inuwa mai sanyi shimfiɗe a yammacin dogon ginin azuzuwa. Na ce to, wuri ya samu. Na sa aka jera kujerun ƙarfe da muka aro, aka kafa sanduna aka ƙawata su da ganyen kwakwa, aka ja wayar lasifika, aka ɗora teburin manyan baƙi yana fuskantar yamma.

Baba maigadi ya tsaya yana kallona, ya jingina da sandarsa.

“Malam, wannan wuri rana za ta zo fa.”

Na yi masa murmushin masu ilmi. “Baba, rana ba ta zuwa ko'ina. Mu ne muke juyawa.”

“To,” in ji shi. Ya ɗauki bencinsa ya koma bayan gini.

Na tafi gida yin wanka da guga. Ƙarfe uku saura na dawo cikin kwat (kwat, a Maris, a ƙasar Lafia), sai na tarar inuwata ta yi ƙaura ba sallama. Rana ta daki bangon nan tana dawowa kan kujerun. Kafin in yi tunanin kwashe kaya, motar sufeto ta shigo. Mutumin ƙato ne, ya sha babbar riga mai sitaci. Ya zauna a kujerar ƙarfe, ya ɗan zabura, ya sake zama a hankali don kare mutunci. Iyayen yara, manoma da suka san ciwon kansu, suka dubi wurin suka dube ni, suka zauna don kunya.

Mai hankali da ya taƙaita taron. Ni kuwa na riga na sa kaina a jerin masu jawabi, da darasi na musamman don burge sufeto. Na fito da ƙwallon da na yi wa zanen taswira na soke shi da tsinke, da tocila a matsayin rana. Na kunna tocilar, babu wanda ya ga haskenta, domin ta gaskiyar tana cikin idon kowa. Sufeto yana fifita da takardar tsarin taro, gumi ya zana masa tasa taswirar a ƙirji.

Na riƙe lasifika na ci gaba da murza ƙwallo. “Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa da safe inuwa take faɗawa yamma. In yamma ta yi kuwa, duk abin da ke yammacin gini sai…”

Nan maganar ta maƙale. Na ji abin da bakina ke faɗa, kuma lasifika ta riga ta kai shi har bakin hanya.

Sufeto ya ajiye takardar, ya share wuya. Bai ɗaga murya ba.

“Malam, ashe ka sani?”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa a baya ta fara dariya, sauran suka karɓa. Sufeto ya miƙe, ya naɗe gefen rigarsa ya ɗauki kujerarsa da kansa, ya zagaya gabashin gini, jama'a suka bi shi kowa da tasa. Can suka tarar da Malam Isa ya riga ya kori awakin da ke kwance a inuwar, ya share wurin, ya ajiye randar ruwan sanyi. Aka bar ni da ganyen kwakwa da tocila a kunne. Kunyar da na ji ranar, ko yanzu na tuna sai kunnuwana sun yi zafi.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga Lafia. Malam Isa ya zama mataimaki, ni kuma na shekara huɗu ina kai masa littafin shirin darasi yana sa hannu. Bai taɓa tayar da maganar ba, wanda hakan ya fi komai ciwo.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duniya dai tana juyawa, ban janye ba. Amma yau in aka ba ni shirya taro, ba na buɗe littafi. Sai in zaga wurin in duba inda kashin awaki ya fi yawa, nan nake ajiye kujerar babban baƙo.