Wa Ya Gyara Hajja Fardos?

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, zargi kuma ya hana ta sakat, ni Fikri Shalabi na unguwar Bahari a Iskandariyya, ina sanar da 'yan'uwa makaɗa rasuwar Hajja Fardos, akodiyon ɗina, kayan kiɗan nan na ja da matsewa, da nake rungume da ita tun gemu bai fito mini ba.

Marigayiyar haifaffiyar Italiya ce, ta sauko daga jirgin ruwa ba ta jin komai sai kiɗan Turawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya buɗe cikinta, ya bi 'yan harsunan ƙarfen da ke ciki da magagari, yana gogawa yana saurara, har ya koya mata muryar nan tamu da ke faɗowa tsakanin sauti da sauti. Tun daga nan, in ka ja ta sai ta yi kiɗan jaz na Turawa, in ka matse ta sai ta yi kukan bikin unguwa. Da wannan baiwa muka ci abinci, daga rumfunan aure na Bahari har dandalin Marsiliya a ƙetaren teku. Tana da ɗan tarinta na farawa, "hhhf", da wani "iiin" mai rawa wanda ban taɓa ji ba tare da na tuna mahaifina ba.

Ba ta yi jinya ba. Ni na yi, aka yi mini aikin ido. Na dawo na tarar da ita tana sheƙi, har da sabon maɗauri. Nan na tsargu, don ba a yi wa tsohuwa kwalliya haka kawai. Na matse ta, sauti ya fito tsaf kamar ƙararrawar makaranta. An mayar da kowane harshe yadda masana'anta ta ƙera shi, an goge hannun mahaifina kaf.

Na zargi Sobhi mai ganga, da ke cewa ta cika surutu. Na zargi maƙwabcina na sama. Na fi zargin Medhat mai fiyano, wanda shekara da shekaru yake toshe kunne yana cewa, "Usta sarkin gwanaye, muryar tsohuwarka ta sake zamewa." Na same shi a gidan shayi na ci kwalarsa.

"Sakar mini riga, mahaukaci," in ji shi. "Ni da jakata ma nake ƙiwar ɗauka, zan kinkimi wannan buhun siminti? Je ka tambayi gidanka."

Ban ma tambaya ba. Ina shiga 'yata Dalia ta tare ni da murna.

"Baba, ka gwada ta? Na ce kafin bikina sai ta koma sabuwa. Mai gyaran a Jamus ya koyo, na'ura ya sa. Ya ce rabin harsunanta a karkace suke, wai wani ɗan koyo ne ya taɓa ɓata ta. Ka ji daɗi?"

Dalia magani take sayarwa, ba ta san kan kiɗa ba, kuma kakanta ya rasu kafin a haife ta. Na dubi fuskarta da sabon idona, na ce ban taɓa jin Hajja da daɗi haka ba.

Marigayiyar ta bar ni, da akwatinta, da magagarin mahaifina da babu mai irin riƙon mai shi. Ta kuma bar Medhat, wanda ya ce in Dalia ta ji ana zancen muryar Hajja ta ɓaci, a ce shi ya zuba wa Hajja shayi bayan gyara. "Dama ba ka taɓa yarda da ni ba," in ji shi. Har yanzu ban gano abin da yake nema da wannan kirki ba, ina dai sa masa ido.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis bayan la'asar a gidan shayin makaɗa, inda na manna wannan sanarwa don Dalia ba ta zuwa nan. Ba za a binne mamaciyar ba. Ranar Juma'a ne auren, kuma amarya ta roƙi in kaɗa mata waƙar kakanta da ita. Zan kaɗa. Duk wanda ya san yadda waƙar take a da, ina roƙonsa ya riƙe fuskarsa, ya yi tafi.