Surukina a Cikin Kwali

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wadda na faɗa wa surukina.

Bayan soja sun koma bariki, ina da shagon hoto a Ƙofar Mata. Kwamfutata ta cika, mai babban ciki kuma sai mai kuɗi. Sai na yi dabara: hotunan matasa, masu yawan dawowa, na bar su a inji, dannawa ɗaya su fito. Na tsofaffi kuwa na kwashe a faifai mai araha, na jibge a kwali. Har yabon kaina nake.

Rannan surukina, Alhaji Sule marini, ya shigo da magoya bayansa. Kansila zai tsaya, ana son hoton da na taɓa ɗaukarsa a buga fosta. Na duƙa ina tonon kwali, gumi na zuba.

Ya ce, "Me ya kai ni kwali?"

"Ai Baba, nan nake sa waɗanda ba a sa ran dawowarsu."



"To, na dawo," in ji shi.

Har yau dattawan unguwa in sun hango ni sai su ce, "Azara'ilu, muna inji ko mun shiga kwali?" Don Allah kada wannan ya kai kunnen jikokina.