Rasuwar Dattijo da Zobban da Ya Bari

Idan ƙarfe ya fara ɓata aiki, mai shi kuma ya ji da kunnensa ya ci gaba da danna shi, laifin na wane ne a cikinsu? Kwana uku ke nan ina juya wannan tambaya, ban sami inda zan ajiye ta ba. Da ita a ƙirjina, da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa karɓar wani abu daga hannuna rasuwar injina na buga zobe, wanda mutanen gidanmu suka sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa da ke ƙarshen baranda, bayan jinyar da ni kaɗai na san tsawonta.

Ba zan ja masa addu'ar da ake ja wa mutane ba. Ƙarfe ne, na sani. Amma shekara goma sha ɗaya muna tare, kuma na je jana'izar mutanen da ban yi rabin wannan zama da su ba.

Ga wanda bai san marigayin ba: baƙi ne, gajere, mai dogon hannu guda da ake dannawa. Aikinsa ɗaya tak a duniya. Idan aka huda yadi don a zura igiya, ramin yakan yi ta buɗewa har ya yage. Sai a kawo zoben ƙarfe mai gida biyu, gida mai dogon wuya a shigar da shi ta gaba, shimfiɗaɗɗen a ɗora shi ta baya, a sa su tsakanin haƙoran Dattijo, a danna. Shi kuwa sai ya naɗe bakin wuyan nan ya kwantar da shi a kan ɗan'uwansa, sumul, ko a leɓen jariri aka goga ba zai ji komai ba. Igiya ta shekara tana kai da komo a ciki, ba abin da zai same ta.

A wurin mai sayar da tsofaffin ƙarafa na tsinto shi. Ba wanda ya koya mini. Tsofaffin zannuwan maiɗakina uku na mayar rariya kafin in gane cewa rami ya kamata ya ɗan matse wuyan zoben, kuma yadi sai an ninka shi biyu a wurin. Abu na ƙarshe da na koya shi ne saurare. Dattijo ba shi da surutu, kalma ɗaya ya iya. In zobe ya zauna daidai sai ya ce “ƙwas”, sau ɗaya, cikakkiya, ba jela. Da wannan kalma muka yi labule, muka yi jakunkuna, muka yi rumfar tamfol ta tsakar gida. Bai sha wuta ba, bai nemi komai ba sai ɗigon mai biyu. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ina so a riƙe wannan, domin abin da ke tafe.

Ciwonsa ya fara wata huɗu da suka wuce. Na danna, ya ce “ƙwas”, sai wani ɗan “tsik” ya biyo baya, siriri, kamar an taka ƙwayar gishiri. Na duba fuskar zoben, tana ƙyalli. Ban juya bayansa ba. Yatsa ɗaya ya isa, daƙiƙa ɗaya ta isa, amma ban juya ba. Na daɗe ina tunani a kan mutumin da ya ƙi duba abu don kada ya sani: shin ya sani ke nan, ko bai sani ba? A lokacin na yanke wa kaina hukunci cewa bai sani ba.

Dalili kuwa shi ne, autarmu tana da tsohon ciki, ni kuma na riga na cika baki cewa ni zan yi wa jikan gadon lilo, na yadi mai kauri, mai zobe takwas, a rataye shi a ƙugiyar rufin ɗaki. Mijinta, yaro mai ladabi, ya gwada ni a hankali.

“Baba, da kun bari na sayo na kanti, akwai masu ƙafafu, ba sai kun wahala ba.”

“Na kanti? Wanda ba ka san hannun da ya yi shi ba? Nawa ko buhun siminti ka kwantar a ciki sai dai ya yi minshari.”

Aka yi dariya, ya sunkuyar da kai. Sau takwas na danna hannun Dattijo a kan wannan yadi, sau takwas ya ce mini “tsik”. Ni da kaina na je na rataye lilon, daidai ƙugun mutum daga ƙasa. Daɓen ɗakin siminti ne. Mako bakwai ke nan jikan nawa, mutumina, yana barci a ciki, uwarsa na tura shi da hannu ɗaya tana aiki da ɗayan.

Ranar Talata ina buga zobe a wata 'yar jaka, na danna, sai Dattijo ya yi maganarsa ta ƙarshe: “fas”. Haƙorinsa na sama ya rabe biyu. Na ɗauki ɓarin na duba. Tsagin ba sabo ba ne, cikinsa ya yi baƙi da tsufa. Sai a lokacin na juya bayan zoben. Bakin bai naɗu ba, ya tsage gida huɗu, kowane da tsini. Na shafa, ya yanke mini babban yatsa.

Washegari jakar albasar da ke rataye a kicin ta faɗo. Maiɗakina ta bi albasa tana tsincewa, sannan ta zo baranda da guntun igiyar a hannu.

“Malam, dubi nan. Wannan ba tsinkewa ta yi ba, yanka ta aka yi. Ko ɓerayen gidan nan sun fara yawo da reza?”

Na ce injin ne, a ƙarshen rayuwarsa. Dariyar ta bar fuskarta.

“Tun yaushe?”

“Bai fi wata ɗaya ba.”

“Lilon Auta fa? Kira ta mana ta duba.”

“In kira ta in ce me? Lilo tun injin yana da lafiya aka yi shi. Kada ki tayar wa mai jego hankali a banza.”

Ta dube ni, ta yarda, domin shekara talatin ba ta kama ni da irin wannan ba. Ta koma kicin. Ni kuma na zauna ina yi wa kaina huɗuba: igiyar lilo ta fi ta albasa kauri, yaron bai kai nauyin albasar ba. Sai wata murya ta ce, albasa ba ta lilo. Jakar nan a tsaye take cik, amma wata guda ya ishi tsinin ya gama da ita. Can kuwa kowace turawa zarto ce.

Marigayin ya rasu ya bar ƙarfen huji guda, abokin aikinsa, wanda yanzu ba shi da dalilin huda komai. Ya bar katakon da ake huji a kai, da kwalbar mai, da gwangwani cike da zobba marayu. Ya bar 'ya'ya masu lafiya da ba su ƙirguwa, a labulen gidaje da rumfuna, kuma ina alfahari da su. Ya kuma bar 'ya'yan jinya, waɗanda aka haifa da haƙora: labulen banɗakin maƙwabcinmu direba, jakar makarantar 'yar ƙanwata, murfin keken ɗinkin matar mai shago, jakar albasa wadda ta riga ta bi shi, da zobe takwas na gadon lilo, dukkansu cikin wata huɗun nan.

Na rubuta wannan layi ne don takarda ba ta da ido, ba ta kuma sunkuyar da kai. Ban san maiɗakina tana tsaye a bayana da kofin shayi ba. Ta karanta. Ta ajiye kofin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta ciro wayata daga aljihun rigar da ke rataye, ta ɗora a kan takardar nan.

“Tun safe kake yi wa ƙarfe ta'aziyya. Ko ka kira, ko in kira in ce mata ubanta na nan yana rubutu.”

Na kira. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin Auta ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa.

“Baba, ina wuni? Yi a hankali, abokinka yanzu ya samu barci, tun asuba yake ba ni wuya.”

A bayan muryarta ina jin ƙugiyar rufi: ƙii, ƙii, ƙii.

“A lilo yake?”

“A ina kuwa? Ai ba ya yarda da ko'ina sai gadon kakansa.”

“Tsayar da shi. Ɗauke shi yanzu.”

“Haba Baba, zai farka fa.”

“Bar shi ya farka. Aikina ne ba shi da kyau, Auta. Zobban suna cin igiyar. Na sani tun ina bugawa, na yi shiru. Ɗauke shi, ina kan layi.”

Ƙarar ƙugiyar ta tsaya. Sannan mutumina ya tsala ihu, mai ƙarfi, na wanda aka ci wa mutunci, kusa da wayar, a kafaɗar uwarsa. Maiɗakina ta zauna daɓas a kan benci. Can sai Auta ta dawo, muryarta ba irin ta ɗazu ba.

“Baba, igiyar wajen kansa... saura zare biyu.”

Ga tsarin jana'iza. Gawar za ta kasance a kan teburinta har ranar Asabar da hantsi, sannan a mayar da ita wurin mai tsofaffin ƙarafa, inda aka samo ta. Za a sa guntun igiyar lilo a cikin buhun da za a kai marigayin, ko da yake ban tabbata shi ya kamata ya tafi da ita ba. Ba a karɓar gaisuwa sai an cika wannan sharaɗi: duk wanda ke da aikina na wata huɗun nan, ya shafa bayan zoben da tsumma, ba da yatsa ba, in ya kama, ya sauke abin nan take. Kada kowa ya wahala ya kawo, ni zan bi gida-gida da filaya in cire zobban da hannuna, in kuma faɗi da bakina tun yaushe na sani.

Zan fara da gidan Auta. Na riga na aika wa mijinta saƙo cewa ya biya ta kanti in ya taso aiki, ya sayo mai ƙafafun nan. Ga filaya a aljihu, ga takalmi maiɗakina ta ajiye mini a bakin ƙofa.