Motar Illo a Garejin Nafissa

Ranar Laraba ƙarfe tara da kwata na kai babur ɗina garejin Nafissa a Magariya, sai ga taubashinta Illo, direban taksin Mallawa. Motarsa shan esansi, wato fetur, take ba ƙaƙƙautawa, mai ita kuma ya ce in ba ta gyaru kafin Juma'a ba zai karɓe makulli.

"...lafiya lau, baiwata. Ajiye sifana ki gaida ubangidanki," in ji Illo.

"Wane ubangida? Tun daga Bande hayaƙinka ya riga ka sallama. Mene ne wannan baƙin salatif a tablo, gaban sitiyari?"

"Wata fitila ce mai ruwan ɗorawa ta dame ni da kallo, na rufe mata ido. Wata uku ke nan."

"Kai ko ciwon kai ya kama ka, hula za ka ƙara. Tada mota ta yi zafi, in gwada sondi."

"Wane ne kuma Sondi?"

"Hancin mota ne, a jikin salansa. Shi ke shinshinar iskar da ke cikin hayaƙi, ya gaya wa inji yawan man da zai sha."

"Gwada shi a kashe. Esansina ba ruwan rijiya ba ne."

"Da sanyi ba ya magana, kamar kai kafin koko. Tada!"

Ya tada yana ƙunƙuni. Bayan minti goma ta jona mita. Ta ce in sondi na da rai, allura za ta riƙa kai da kawowa. Allura ta kwanta shiru.

"Ya mutu?" in ji Illo, murya ta sauka. "Nafissa, sai Kano fa ake samun sabo. Juma'a jibi ce."

Ta shige ƙarƙashin mota, ta fito da guntuwar waya da ɓawon gyaɗa a tafin hannu.

"Fasinjanka ne ya cinye waya. Ɓera! Kai ne direban da ke ɓoye gyaɗa ƙarƙashin kujera don kada a roƙe ka."

"Ƙarya! Ɓeran garejinki ne."

"Nawa ƙarfe suke ci."

Ta haɗa waya, allura ta shiga rawa. Illo ya zuba mata ido, sannan ya fashe da dariya. Ya buɗe bayan mota ya ciro zabuwa ɗaure da ƙafa.

"Ungo, baiwata, kin ci."

"Kawo. Gyaɗar ma sauke ta nan, kafin fasinjanka ya kai ga birki."